Dutse Mai Aman Wuta Da Damunar Ƙasar Yauri

Manomin Shanga ko na Ngaski in ya ji a rediyo wani dutse ya yi aman wuta a wata ƙasa mai nisa, ya kan ce ba ruwansa. Amma fa masana sun gano akwai ruwansa, gama babban amai irin wannan ya kan taɓa damunar shekarar da ke biye.

Ga yadda abin ya ke. Sa'ad da dutse ya fashe, ya kan watsa toka da hayaƙin farar wuta sama. Tokar ba ta daɗewa sai ta zubo. Hayaƙin kuwa ya kan haura ya wuce inda gajimare ke tsayawa, ya zama wani siririn hazo. Hazon hunturu ruwan fari ke wanke shi, amma wannan ruwa ba ya kai masa, saboda haka ya kan yi shekara guda ko biyu yana kewaya duniya yana tare hasken rana. Da dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya fashe cikin Yuni 1991, zafin duniya ya ragu da wajen rabin digiri a shekarar 1992.

To, ina haɗin wannan da gonar dawa? Ruwan damuna iskar teku ce ke kawo shi daga kudu maso yamma, zafin ƙasashen arewa kuwa shi ke jawo ta. In hazon nan ya taru a sashen arewacin duniya, arewa ta kan yi sanyi kaɗan, sai iskar ta kasa hawowa inda ta saba. Ruwa ya makara, ko kuwa ya ɗauke da wuri.

Akwai shaida. Cikin Yuni 1912 wani dutse ya fashe a yankin Katmai na Alaska. Damunar 1913 ta lalace, aka yi yunwar nan da a ke kira Kakalaba a ƙasar Hausa. Har wa yau a 1982 dutsen El Chichon ya yi amai a Meziko, sai ga farin 1983 da na 1984, har Kogin Kwara ya tsaya da gudu a Yamai cikin Yuni 1985. Masanan ofishin duba yanayi na Ingila sun bayyana wannan haɗi a binciken da suka fitar a 1913 ɗin ta cika shekara ɗari, watau 2013. Amma kada a ɗauka kowane fari daga dutse ya ke. Farin 1972 da 1973 ba wani babban amai da ya gabace shi, gama zafin ruwan teku shi ma yana juya damuna.

Mutanen bakin tafkin Kainji abin ya shafe su ta hanya biyu. Tun da aka gama madatsar a 1968, cikar tafkin ta dogara ga ruwa iri biyu: farin ruwa na damunar ƙasashen kusa, da baƙin ruwa wanda ke tasowa daga duwatsun Gini, ya ratsa Mali, ya iso cikin hunturu. In damuna ta gaza a Afirka ta Yamma duka, biyun su kan ragu. Mai albasa ya ga ruwa ya yi masa nisa, masunci ya ga kifi ya ja baya, ɗan kasuwar Yelwa ya ga mudu ya hau.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka in aka ji labarin babban amai a arewacin duniya, manomi ya riƙe rumbunsa, kada tsadar kaka ta rude shi ya sayar da hatsi duka. Ya ƙara gonar gero, wanda ke nuna cikin wata uku, ya nemi iri mai saurin nuna wajen malamin gona, kada kuma ya zuba irinsa duka da ruwan fari. Ya kuma saurari hasashen damuna da hukumar NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara, kafin ya yanke shawarar abin da zai shuka.