Yadda Ake Ƙarfafa Tangistan Kabayid da Kobal da Sauran Mahaɗai

Tangistan kabayid, wato haɗin ƙarfen tangistan da kabon, yana cikin abubuwa mafi tauri da masana'antu ke sarrafawa, amma yana da gautsi irin na tangaran: maimakon ya lanƙwasa, sai ya tsage. Dabam yake da kabayid ɗin masu walda, wanda na kalsiyam ne. Maganin gautsin tangistan kabayid shi ne a ɗaure ƙwayoyinsa da ƙarfe mai ɗan laushi irin kobal, kamar yadda siminti ke riƙe tsakuwa. Karl Schröter na kamfanin Osram a Jamus ne ya yi rajistar dabarar a 1923, daga baya kamfanin Krupp ya kai ta kasuwa da sunan Widia. Da irin wannan haɗin ake yin bakin injin huda kankare, da haƙoran injin haƙa rijiyar burtsatse, da 'yar ƙwallon da ke bakin biro.

Aikin yana farawa da gari. Ana cuɗa garin tangistan da baƙin garin kabon, a gasa su a zafin da ya haura digiri 1,400 na Salshiyos har su zama kabayid, wanda kabon ɗinsa yake kashi 6.13 cikin 100 na nauyinsa. Sai a auno garin kobal. Kayan yanka ƙarfe kan ɗauki kashi 6 zuwa 12 cikin 100, waɗanda za su sha duka kuwa har 25. Yawan kobal yana ƙara juriya, yana rage tauri, don haka aikin da za a yi da abin shi ke yanke adadin.

A wannan gaɓar ake zuba ƙananan mahaɗai, kuma a nan gwanintar take. Kabayid na banadiyam da na kuromiyam, waɗanda yawanci ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, aikinsu hana ƙwayoyi girma. Idan kobal ya narke a tanderu, ƙananan ƙwayoyin tangistan kabayid sukan narke a cikinsa su koma su liƙe wa manya, har garin da aka sha wahalar niƙawa ya zama tsaki-tsaki. Waɗannan mahaɗai biyu suna zama a jikin ƙwayoyin su rage wannan ƙaura. Banadiyam ya fi ƙarfi a wannan aiki, kuromiyam kuma yana ƙara kariya daga tsatsa. Idan ƙarfen sitil za a yanka, sai a ƙara kabayid na titaniyam da tantalam ko niyobiyam, saboda ɓarɓashin sitil mai zafi yana lashe tangistan kabayid har ya yi rami a bakin wuƙar, su kuwa waɗannan ba sa narkewa cikinsa da sauƙi.

Daga nan sai niƙa. Ana zuba duk garin cikin ganga mai juyawa tare da ƙwallayen kabayid da ruwan etanol, ta yi ta juyi na awanni masu yawa, wani lokaci kwanaki. Akan sa ɗan kakin farafin, kimanin kashi 2 cikin 100, don garin ya kama jikinsa. Bayan an busar da shi sai a danne shi cikin zubi. Abin da ke fitowa kamar alli yake, ko da hannu ana iya karya shi.

Gashi kashi biyu ne. Da farko ana ɗaga zafi a hankali har kakin ya fice. Sannan a kai wajen digiri 1,400 cikin tanderun da aka zuƙe wa iska. Kobal zalla ba ya narkewa sai a digiri 1,495, amma da yake ya sha tangistan da kabon, yana zama ruwa tun kusan 1,300, ya ratsa tsakanin ƙwayoyin ya janyo su wuri guda. Kowane gefe na abin yakan tsuke da kusan kashi ɗaya bisa biyar, shi ya sa ake yin zubin da girma tun farko. Wasu masana'antu kan matsa shi da iskar agon a ƙarshen gashin don toshe 'yan ramukan da suka rage.

Tangistan da ya saura cikin kobal bayan ya huce yana ƙara masa ƙarfi, amma sai an kiyaye awon kabon. In ya gaza, wani sinadari mai gautsi da ake kira "eta" yakan ɓullo ya cinye kobal ɗin. In ya yi yawa, ragowar takan taru ta zama garafayit mai laushi. Tazarar da ke tsakanin biyun ba ta kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. Da maganaɗisu ake gwadawa, don yawan tangistan cikin kobal yana rage jansa.

Wasa bakin abin sai da dutsen wasa mai ƙwayoyin daimon. Wuƙaƙen injin da yawa akan lulluɓe su da siririyar fatar titaniyam naitirayid, wadda ke ba su launin zinariya.