Darasi: Yaro Mai Laifi da Gidan Yari

Idan aka kama yaro ɗan shekara 14 a Saji ko a kasuwar Rano da laifin sata, ina ya kamata ya kwana? Yawancinmu ba mu taɓa tambaya ba, sai ranar da abin ya faɗo gidanmu.

Mu tuna abin da ya faru a 2024. Bayan zanga-zangar watan Agusta, an kama yara a Kano da Kaduna, aka tsare su kusan wata 3. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da su a kotun tarayya a Abuja, inda wasunsu suka yanke jiki suka faɗi. Sai da jama'a suka yi kuka kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu.

Alhali kuwa doka tana nan. Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta ce ba za a tsare shi ba sai in babu wata hanya, kuma na ɗan lokaci kaɗan. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta hana ajiye yara tare da manyan fursunoni. Jihar Kano ma ta yi dokar kare yara a 2023. Akwai gidan tsare yara a Goron Dutse, Kano, da makarantar horon kangararru a Kakuri, Kaduna.

Dalilin a fili yake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saci kaza, in ya kwana wata 6 cikin 'yan fashi, zai fito da sana'arsu. Waliyi Yohanna Bosko ya ga haka a kurkukun birnin Turin a 1841, shi ya sa ya ba da ransa ga koya wa yara sana'a.

Saboda haka, idan aka kama yaro a unguwarku, iyaye da katikist su je ofishin 'yan sanda a ranar. Su kai takardar haihuwa ko katin baftisma domin tabbatar da shekarunsa, su nemi belinsa, su kuma nemi sulhu da wanda aka cuta, a biya shi abin da ya rasa.

Karatu: Matiyu 25:31-46.

Tambaya: Yara nawa ne a ikilisiyarmu ba su da takardar haihuwa? Wa zai tsaya musu?