Darasi: Karkarwar Hannun Tsofaffi

'Yar uwa, in kin ga hannun Baba yana karkarwa alhali yana zaune, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, kada ki yi saurin cewa sammu ne. Wataƙila cutar Parkinson ce, wadda Likita James Parkinson ya bayyana a Landan a 1817. Ƙwayoyin halitta na tsakiyar ƙwaƙwalwa, masu samar da sinadarin dofamin mai daidaita motsi, su ne ke mutuwa. Don gano dalili, masana kan ciro irinsu daga ɗan tayin ɓera, su raine su a faranti, su gwada magunguna a kansu. Maganin levodopa yana sassauta ciwon, amma likita ne ke rubuta shi. Don haka ki rabu da magungunan talla na bakin bodar Jibiya, ki kai Baba Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.