Wankin ƙoda da aikin zuciya

Ƙoda ce ke tace jini, ta fitar da dauɗa da rarar ruwa ta hanyar fitsari. Idan ƙoda ta gaza, ruwa sai ya taru cikin jiki. Ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Zuciya mai tura jini sai ta koma kamar raƙumin da kaya ya yi wa yawa: tana ɗauka, tana raunana.

Daga Tanut da Balbeji, babban asibitin Damagaram ake zuwa wankin ƙoda. Can inji ke janye ruwan da ya taru kwanaki, cikin awa 4. In ruwan ya yi yawa, dole a janye shi da sauri. Nan ƙarfin jini ke faɗuwa, zuciyar kanta ta rasa isasshen jini, ta ƙara gajiya.

Saboda haka majinyaci ya rage gishiri da kanwa, gama su ke jawo ƙishirwa. Ya sha ruwa daidai awon da likita ya faɗa. Kada nisan hanya ya sa ya tsallake ranar wanki.

Tambaya: me ya sa yawan gishiri ke wahalar da zuciya?