Tsohuwar tarakta da littafinta

A ƙasar Ingila akwai mutane masu tara tsofaffin taraktoci. Wani yana da biyu, wani ya cika rumfa da su. Suna wanke su, suna gyara su, kuma sukan fito da su gasar noma a ga wanda kunyarsa ta fi miƙewa. Wasu kuma injin yankan ciyawa suke tarawa. Wannan ƙaramin inji ne da ake turawa a aske ciyawar ƙofar gida. Wani Bature mai suna Edwin Budding ya ƙirƙiro shi a 1830, kuma a garin Southport har gidan ajiyar irin waɗannan injuna aka buɗe. Makiyayi zai yi mamakin mutanen da ke yanke ɗanyar ciyawa su zubar, amma kowace ƙasa da halinta.

Taraktar da suka fi so ita ce Ferguson TE20, ƙarama mai launin toka. An ƙera ta a garin Coventry daga 1946 zuwa 1956, fiye da guda 500.000. Ƙarfinta bai wuce na doki 20 da ƴan kai ba. Wadda aka ƙera daga ƙarshe ta kusa shekara 70 ko ta wuce, amma da yawa suna tashi, suna jan garma. Kamfanin ya haɗu da Massey-Harris a 1953, daga baya sunan ya zama Massey Ferguson. Shi ne sunan da ake gani jikin jajayen taraktoci a nan Nijar da Najeriya.

To, ga tambaya. Me ya sa tarakta mai shekara 70 take aiki a can, alhali a wasu garuruwanmu ana ganin wadda ba ta kai shekara 10 ba tana kwance bakin hanya, tayoyi sun sace, awaki suna hutawa ƙarƙashinta? Ba tsufa ya kashe ta ba. Ƙura ce, da dattin mai, da rashin sanin ranar da aka yi mata gyaran ƙarshe. Sau da yawa ma ba a gama biyan bashinta ba.

Ƙura

Inji yana shaƙar iska kamar mutum. In rairayi ya bi iskar ya shiga ciki, sai ya riƙa cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Injin ya rage ƙarfi, ya fara shan baƙin mai, ya riƙa fitar da shuɗin hayaƙi. A nan masu tarakta na Ingila sun fi mu sa'a, don ƙasarsu akwai laima. Ƙasar jigawa kuwa, musamman lokacin hunturu, ƙura ba ta ƙarewa.

Tsofaffin taraktoci suna da matatar iska mai ɗan kwano a ƙasa. Cikin kwanon akwai mai. Iska tana bi ta kansa, ƙura ta maƙale, ta kwanta kamar laka. Lokacin aiki cikin ƙura, a kwance kwanon nan kowace safiya a duba. In laka ta taru, a zubar, a wanke, a zuba sabon mai daidai kan layin da aka zana. Kada a cika shi fiye da layi, don injin zai zuƙi man. Sababbin injuna matatarsu ta takarda ce. Ita ba a wanke ta da ruwa ko mai. Ana kaɗe ta a hankali, in ta huje a canza. Wanda ya cire matata gaba ɗaya wai don inji ya sami iska, ya yanke wa injinsa kwana.

Mai da ruwa

Kafin a tada inji, a tsayar da shi wuri mai daidai, a zaro sandar awon mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin layi biyu. In ya yi fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, sai a kira makaniki, kada a tada. Ƙarin mai ba shi ne canjin mai ba. Tsohon mai yana ɗauke da ƙurar ƙarfe da baƙin toka, dole a juye shi duka tun inji yana da ɗumi.

Gazuwal ma yana da nasa. In an kawo ganga, a bar ta ta kwana, datti da ruwa su kwanta ƙasa, sannan a ɗiba daga sama a tace. A cika tanki da marece bayan aiki, don tankin da ya kwana rabi yana tara raɓa a ciki. Kuma kada a bari gazuwal ya ƙare ƙaf, iska za ta shiga bututu, injin ya ƙi tashi sai an fitar da ita.

Ruwan sanyaya inji ya zama mai tsabta, ba na tabki mai laka ba. Ba a buɗe murfinsa inji yana da zafi, ruwan zai fantsamo ya ƙona fuska.

Ajiya bayan damina

Tarakta ta fi lalacewa lokacin da take zaune. Masu tara taraktoci sun san haka, don nasu sun fi zama da aiki. Suna sa su cikin rumfa. Suna cire igiyar batir. Suna ɗaga su kan itace don tayoyi su huta. Suna tura giris duk wurin da ƙarfe ke juyawa. Lokaci lokaci sukan tada injin ya yi aiki har ya ɗauki zafi. A nan sai a ƙara abu biyu: a kife gwangwani kan bututun hayaƙi saboda ruwan sama da zanzaro, a kuma nisanta tarakta da rumbu, don ɓera yana cin waya.

Wata dabararsu ita ce tara iri ɗaya. In ɗaya ta mutu, ba a sayar da ita ga masu sayen ƙarfe. Ana ajiye ta, ta zama kantin kayan gyara na sauran. Ƙungiyar manoma da za ta sayi inji na biyu, gara ta sayi ɗan uwan na farko.

Duk wannan ya shafi mai lambu, ko da bai taɓa hawa tarakta ba. Ƙaramin injin ban ruwa da ake ba albasa ruwa da shi a yankin Galmi da Madawa, da injin yankan ciyawa mai fetur, kusan ginin cikinsu ɗaya ne. Masu ƙera irin wannan inji suna cewa a canza mai bayan awa 20 na farko, daga nan kowace awa 100. In za a ajiye shi watanni, a juye fetur duka, don tsohon fetur yana zama danƙo ya toshe hanyar mai. Kada kuma a saukar da shi cikin rijiya yana aiki mutum yana ciki. Hayaƙinsa yana kashewa ba a ji ba.

Littafin inji

Awa 100 ba a riƙe ta da ka, musamman in mutum uku ko huɗu ke karɓa-karɓa da inji guda. Kowa sai ya ce ai ɗan uwansa ya canza. Saboda haka mai kula da tsohuwar tarakta yakan ajiye mata littafi, kuma in zai sayar da ita, littafin yana ƙara mata daraja.

Duk wanda ya yi karatu a cibiyar yaƙi da jahilci zai iya riƙe irin wannan littafi. A raba shafi gida huɗu. Gidan farko kwanan wata. Na biyu sunan wanda ya yi aiki da injin. Na uku awa nawa ya yi. Na huɗu abin da aka yi masa: mai, matata, giris, ko gyara da kuɗinsa. Kowace Juma'a a haɗa jimlar awoyi. Littafin ya zauna hannun mutum ɗaya wanda ƙungiya ta zaɓa, kuma a karanta shi gaban kowa ranar taro, har da kuɗin da aka ware daga haya don sayen mai da kayan gyara.

Lissafi na wannan mako

Wani mai lambu ya canza wa injinsa mai da safiyar 1 ga watan Disamba. Kowace rana injin yana aiki awa 4. Kwana nawa zai yi kafin ya cika awa 100? Wace rana ce zai sake canza mai? In lokacin zafi ya koma awa 5 a rana, kwana nawa ke nan?