Bawul ɗin Mayar da Hayaƙi da Aikinsa a Injin Mota

Da yawa daga cikin motocin da ke yawo a hanyoyin ƙasar nan a yau suna ɗauke da wani ɗan bawul da makanikai ke kira EGR. Aikinsa shi ne ya ɗebi kaɗan daga cikin hayaƙin da ya nufi salansa, ya komar da shi cikin inji. Mai karatu yana iya tambaya, ina amfanin mayar wa inji abin da ya riga ya ƙone? To, ga bayani.

Iskar da muke shaƙa, kashi 78 daga cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 kuwa oksijin. A sarari waɗannan biyu ba ruwansu da juna. Amma idan fulogi ya kunna fetur a cikin silinda, zafi ya haura wajen digiri 1,370 na ma'aunin Salshiyas, sai su haɗu su zama wata guba da masana ke kira NOx. Gubar nan tana ƙona hanyoyin numfashi, tana tayar wa masu asma ciwonsu, yara da tsofaffi kuwa su suka fi jin jiki. A farkon shekarun 1950 wani masani mai suna Arie Haagen-Smit ya nuna cewa ita ce, tare da tururin fetur da hasken rana, ke haddasa hazon nan mai yaji da ya addabi birnin Los Angeles. Amurka ta tsananta dokar tsabtar iska a 1970, kuma wajen 1973 bawul ɗin ya bazu a motocin ƙasar.

Hikimar abin ita ce, hayaƙin da ya riga ya ƙone ba ya sāke kamawa. Idan ya shiga silinda sai ya tare wuri, ya shanye wani ɓangare na zafin, wutar ta ci a hankali. Kamar dai yadda uwargida takan barbaɗa toka a kan garwashi ne, wuta ba ta mutu ba, amma ƙarfinta ya ragu. Da zafi ya sauka, gubar ma sai ta ragu ƙwarai. A injin fetur abin da ake mayarwa bai cika wuce kashi 5 zuwa 15 daga cikin ɗari ba. Injin dizal yana ɗaukar fiye da haka nesa, har akan bi da hayaƙin ta cikin wani bututu mai ruwan lagireto domin ya huce tukuna.

Ba kullum bawul ɗin yake buɗe ba. A motar fetur yana rufe idan inji bai ɗumama ba, ko mota tana tsaye tana silo, ko direba ya take totur har ƙasa. Sai an miƙe hanya ana tafiya daidai wa daida yake buɗewa. A tsofaffin motoci zuƙar iskar inji ce ke jan sa, a na yanzu kuwa kwamfutar mota ce ke ba shi umarni.

Babban abokin gabansa kunkunniya ce. Gajerun tafiye-tafiye, da cunkoson birni, da gurɓataccen mai, duk suna sa ta taru har bawul ya maƙale. In ya maƙale a buɗe, mota takan yi ta rawa a tsaye, ko ta riƙa mutuwa. In a rufe ne, sai a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, musamman wajen hawan tudu, ƙarar nan kuwa cin fistin take yi.

A nan ne waɗansu makanikai ke yin kuskure. Maimakon gyara, sai su yanko faranti su toshe hanyar, su ce wa mai mota wai abin na ƙasashen sanyi ne. Wannan ba gaskiya ba ne. Zafin da ake magana a kansa na cikin silinda ne, kuma mai tallan da ke tsaye bakin titi a Legas ko Kano shi zai shaƙi abin da ya fito. Lalle ne mai mota ya ƙi yarda da toshiya. Ya sa a jona na'urar bincike, in ta nuna lamba P0401 hayaƙin da ke wucewa ya yi kaɗan, in P0402 ce ya yi yawa. A kwance bawul, a wanke shi da hanyoyinsa, a sa sabon gasket. Idan an wanke bai motsa ba, sai a sake shi da wani.