Fangali da ƙwayoyin gado

A fadamar Tarka, kusa da Madawa, masu noman albasa suna ba fangali ruwa ɗaya bayan ɗaya. Mai lambu ya buɗe wannan hanya, ya toshe waccan da ƙasa. In yaro bai san inda wata hanya ke kai ruwa ba, sai ya toshe ta, ya ga fangalin da zai bushe.

Jikin mutum ma haka yake. Kowa yana da ƙwayoyin gado wajen dubu 20, waɗanda ya samu daga uwa da uba. Ba duka suke aiki lokaci ɗaya ba. Ana buɗe wasu, ana toshe wasu.

Ga misali, amosanin jini, wato sikila. Wannan ciwo yana wahal da yara a Madawa da Buza da Keita. Yaro yana gadonsa ne daga uwa da uba duka biyu, ba daga uwa kaɗai ba. Amma jariri sabon haihuwa ba ya jin ciwon. Sai ya kai wajen wata 6 hannuwa da ƙafafu su fara kumbura. Mi ya sa? Jinin da jariri ke yi tun yana ciki yana kare shi. Bayan haihuwa, wata ƙwayar gado mai suna BCL11A tana toshe hanyar wannan jini.

A 2012, wasu mata biyu masana, Emmanuelle Charpentier ta Faransa da Jennifer Doudna ta Amurka, suka nuna yadda za a yanke ƙwayar gado daidai inda ake so. Sunan wannan almakashi CRISPR. A 2015, masana a Amurka suka yi dabarar yaron lambu da shi: su yanke nan su duba, su yanke can su duba. Da haka suka gane ɗan wurin da in an yanke shi, jinin jariri yake dawowa.

A 2023, Ingila da Amurka suka yarda da maganin da aka yi ta wannan hanya. Sai dai kuɗinsa a Amurka ya wuce dala miliyan 2 ga mutum guda. Albasa buhu nawa ke nan!

Tambayoyi
1. Daga wa yaro ke gadon amosanin jini?
2. Mi ke kare jariri sabon haihuwa?
3. Ina kamar aikin masana da na yaron lambu?